Banɗakin Da Ya Zo Na Ɗaya

A wani ƙaramin filin jirgin sama, irin wanda jirage huɗu ke sauka a rana in kasuwa ta yi kyau, an yi wani ma'aikaci da kowa ke kira Kyaftin. Bai taɓa tuƙa jirgi ba. In za a faɗi gaskiya ma, sau ɗaya ya taɓa shiga cikinsa, shi ma jirgin yana tsaye a ƙasa, aka aike shi ya ɗauko lemar da wata fasinja ta manta. Daga wannan aike ya fito da labarin da ya ishe shi shekaru, har da yadda matuƙin ya nemi shawararsa a kan wani maɓalli. Igiyoyin da ke kafaɗar rigarsa shi ya sayo abinsa a kasuwa, matarsa ta ɗinka masa. Yau in ka same shi, shi zai riga ka yi wa kansa dariya, amma a wancan lokacin ba a wasa da igiyoyin nan.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a bukkar ƙofar motoci, yana ɗaga sanda yana saukewa, rana tana gasa shi ta gaba da ta baya. Da mai kula da jin daɗin fasinjoji ya yi ritaya, aka rasa wanda za a sa, sai aka ba Kyaftin riƙon ƙwarya. Ya samu ofis, da kujera mai juyawa, da na'urar sanyaya ɗaki. Satin farko mura ta kama shi, bai yarda an kashe na'urar ba ko na minti ɗaya.

To akwai wani kamfani a can wata ƙasa wanda ba shi da aiki sai auna filayen jiragen sama. Suna duba minti nawa mutum ke yi a layi, ko kayansa sun iso tare da shi, ko ma'aikata na sakin fuska, sannan da tsabtar banɗaki. Duk shekara sai su fitar da jeri daga na ɗaya har na ƙarshe. A cikin ƙananan filaye casa'in da bakwai, na su Kyaftin ya zo na casa'in da shida, wanda ke bayansu kuwa ambaliya ce ta rufe shi wata takwas. A wannan shekarar kamfanin ya aiko aka kafa wasu 'yan na'urori a bango, ɗaya a wurin layi, ɗaya a teburin cigiyar kaya, ɗaya a cikin banɗaki dab da ƙofa. Kowace tana da fuska uku: kore mai murmushi, rawaya mai shakka, da ja mai ɗaure fuska. Duk wadda fasinja ya danna, nan take saƙon ya isa ofishin kamfanin.

Manaja ya kira Kyaftin, ya juya masa takardar jerin ya nuna masa inda suke da biro.

"Wata uku na ba ka," ya ce. "In mun hau, kujerar nan ta zama taka. In ba mu hau ba, sandarka tana nan, ba wanda ya taɓa ta."

Da aka ambaci sanda, Kyaftin ya gyara tsayuwa ya taɓa igiyoyin kafaɗarsa. Ya ce ai ranka ya daɗe hawa kawai ma raini ne, shi da ya san jirgi ciki da waje, in bai kawo su na ɗaya ba a canza masa suna. Kafin la'asar ya faɗi haka a gaban masu gadi, da masu ɗaukar kaya, da direbobin tasi, da wani fasinja da ya tambaye shi ƙarfe nawa kawai.

Da murmushi ya fara. Ya tara ma'aikata a zauren jira, ya kafa doka cewa daga shigowa aiki har tashi kada ya ga leɓen kowa a rufe. Babban mai gadi, wani ƙato da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, mutum ne mai bin umarni, ya bi. Yara suka riƙa ɓuya a bayan iyayensu. Matar da ke teburin cigiya ta gaya wa wani ɗan kasuwa cewa akwatinsa ya wuce wata ƙasa, tana faɗa tana washe baki. Mutumin ya tambaye ta mene ne abin dariya, ta ce ita ma ba ta sani ba, doka ce. Da gwiwar hannu ya danna ja, sai da bangon ya amsa. A ƙarshen mako aka samu ja ɗari biyu da goma sha biyu, kore tara, kuma Kyaftin ya san inda shida daga cikin taran suka fito.

Sai ya koma kan layi. Ya gano cewa kyamarar da ke saman ƙofa ce ke fara ƙirga lokaci daga shigar mutum zaure, wanda ke waje ba ruwanta da shi. Ya sa aka tsayar da fasinjoji a waje ana shigar da su biyar-biyar. Kwana biyu layin ciki ya koma minti uku, na waje ya kai bakin titi, Kyaftin yana zagayawa hannu a baya yana cewa ilimi ke nan. Rana ta uku hadari ya haɗu, ruwa ya sauko. Mutane suka riƙa shigowa biyar-biyar suna ɗiga, takalma cike da ruwa, kowa ya zarce wurin jan maɓalli kafin ya nemi tikitinsa. Wani malamin makaranta ta cikin shinge ya hango jirginsa ya tashi ya bar shi. Iya mai shara, dattijuwar da ta fi ginin zauren daɗewa a wurin, ta wuni tana tsane ƙasa.

Washegari Kyaftin ya kulle kansa a ofis yana juyi a kujera, har basira ta sauko masa. Filin ba shi da laifin komai, mutane ne ke ɓata shi. Ga banɗaki nan misali, da safe fes, kafin azahar ba a magana. Ya kira Iya, suka wanke shi har tayil ɗin na ɗaukar ido, ya sa furen roba a kan madubi. Sannan ya ja ƙofa ya datse, ya rataya makullin a wuya, ya manna takarda mai cewa ANA GYARA, da kibiya tana nuna tsohon banɗakin da ke bayan wurin ajiye motoci, wanda famfonsa ya mutu tun da daɗewa.

"To mutane fa, ɗan nan?" in ji Iya.

"Iya, banɗaki aka ce za a auna, ba mutane ba."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗauki bokitinta biyu ta fita.

Daga ranar ya shiga aikin da ya kira duba na'ura. Awa ɗaya da safe, awa ɗaya bayan azahar, yana shiga ya tsaya gaban koren maɓalli yana dannawa. Sauran na'urorin biyu, da yake su fasinjoji na iya kai musu hannu, ya kwance su ya ce za a kai gyara, ya shigar da su banɗakin. Da ya ga wurin yana da faɗi kuma shi kaɗai ke da makulli, sai abin ya zame masa maganin kowace damuwa. Keken tura kaya ya rasa taya, a kai banɗaki. Kujera ta yage, banɗaki. Akwatin koke-koke ya cika har takardu na leƙowa, shi ma can. Jakunkunan da suka iso bayan masu su sun gaji da nema, maimakon su tsaya a fili suna tona asiri, duk can aka jera su, har da wani kwali mai ɗigar ruwa da ba wanda ya zo nemansa. Zaure ya yi kyau ƙwarai. Manaja, wanda ta ƙofar baya yake shigowa kuma yana da nasa bayin a ofis, ya leƙo sau ɗaya ya ce aiki yana kyau.

Kafin wata na uku ya kama, kaya sun kai rufi, ba wurin saka ƙafa. Ƙofar ta waje take buɗewa, don haka sai ya tokare ta da gwiwa da kafaɗa, ya buɗe daidai shigar hannu, ya zura har hammata ya lalubo maɓallin. Fasinjoji suka riƙa ganin wani mutum mai igiyoyi a kafaɗa manne da ƙofa, ido a sama, leɓe na motsi. Masu ɗaukar kaya suka ce addu'a yake yi wa banɗakin. Wani wari kuma ya fara fitowa ta ƙasan ƙofar, Kyaftin ya riƙa fesa turare sau uku a rana, warin da turaren suka haɗu suka haifi wani abu na uku da ya fi su duka.

A gida matarsa ta ga babban yatsansa ya kumbura ya yi kanta. Tana shafa masa man zafi ta tambaye shi mutum nawa ke bi ta filin a rana. Ya ce kamar ɗari uku. Ta ce shi kuma sau nawa yake dannawa. Ya ce ɗari biyar, in ya ji ƙarfi ɗari shida.

"Wato, Baban yara, kowa sau biyu yake shiga?"

"Ke ba ki san harkar jirgin sama ba," ya ce, ya janye hannunsa.

Ranar da abin ya faru Talata ce. Ƙarfe goma da rabi na safe Manaja ya faɗo ofishin Kyaftin yana haki, ya rungume shi har sai da hularsa ta faɗi. Wasiƙa ce a hannunsa daga kamfanin, ta yi sati biyu a ƙarƙashin jarida a teburin sakatare. Banɗakinsu ya zo na ɗaya a cikin casa'in da bakwai. Dannawa dubu arba'in da 'yan kai, duka kore, ko rawaya ɗaya babu, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka kafa kamfanin. Don haka shugaban masu tantancewa da kansa zai zo ya miƙa lambar yabo, a ɗauki hotuna, sauran filaye su ga yadda ake yi su koya. Jirginsa zai sauka ƙarfe goma sha biyu na ranar nan.

Kyaftin ya ce ai ya faɗa. Muryar da ta fito ba tasa ba ce. Ya fita da gudu don ya kwashe kayan, ya tarar zaure cike da fasinjoji, Manaja har ya aika an cire takardar gyara, an ɗaura jan ƙyalle a ƙofar, an kawo tebur da furanni, 'yan jarida biyu suna gyara kyamara. Ya hango Iya za ta wuce da bokiti biyu, ya tare ta yana raɗa, don girman Allah ta san yadda za a yi. Ta ce mutum talatin ke jiranta a baya, ya matsa mata hanya kada ruwan ya zube. Da ya rasa abin yi, sai ya cire makullin daga wuya ya cusa a cikin safa.

Shugaban masu tantancewar wani ɗan dattijo ne mai furfura, mai sanyin magana. Yana gaisawa da Manaja ya ce, cikin fara'a, shi fa yana da wata al'ada a aikinsa: ba ya ba da lambar yabo ga abin da bai gwada da kansa ba. Awa shida ya yi a sama, ya sha shayi kofi uku, kuma da gangan ya ƙi shiga bayin jirgi, yana tanadi.

Aka ba Kyaftin lasifika ya yi gajeren bayani. Ya fara da tarihin filin tun yana daji. Ya gangaro kan bambancin tsintsiyar laushi da ta kwakwa, da irin sabulun da ke kumfa da wanda ba ya yi. Dattijon yana gyaɗa kai. Da aka yi minti goma sha biyar ya fara sauya ƙafa. Da aka kai rabin awa ya harɗe su, gumi ya tsattsafo masa a goshi, murmushinsa ya zama irin na babban mai gadi. Kyaftin na shirin shiga labarin ranar da ya ba matuƙi shawara, dattijon ya ɗaga hannu.

"Malam, makullin."

Kyaftin ya laluba wuya, ya laluba aljihu, ya juye su waje, ya dubi jama'a da mamaki kamar wanda aka yi wa sata. Ya ce abin takaici, makulli ya ɓace, amma zai iya kwatanta wa baƙo yadda cikin yake dalla-dalla. Nan babban mai gadi, wanda har ranar bai samu umarnin daina murmushi ba, ya matso don ya taimaka. Ya ɗaga sandarsa ta binciken ƙarfe ya bi jikin Kyaftin da ita daga kafaɗa zuwa ƙasa. Tana isa idon sawu ta saki ƙara.

"Yana cikin safa, ranka ya daɗe," ya gaya wa Manaja.

A gaban kyamara Kyaftin ya cire takalmi. Aka yanke ƙyalle, aka yi tafi. Ya murɗa makullin, ya tokare ƙofar da gwiwa yadda ya saba, ya buɗe daidai shigar hannu, ya ce sabon tsarin da ya ƙirƙiro shi ne baƙo ya leƙa daga nan. Dattijon ya riga ya wuce inda ake jin bayani. Ya kama marikin da hannu biyu ya fizga.

Keken kaya ne ya fara fitowa, mai taya uku, ya ratsa tsakiyar jama'a ya tafi da teburin furanni. Kujeru suka biyo baya, sai jakunkuna, sai na'urorin nan biyu da wayoyinsu. Akwatin koke-koke ya daki ƙasa ya fashe, takardun wata uku suka watsu a zaure. Daga ƙarshe kwalin nan mai ɗiga ya gangaro a hankali ya buɗe, aka gane dai kifi ne a da. Wata kyanwa da ba wanda ya san ta yadda ta shiga ta fito ta taka ƙirjin Kyaftin ta wuce, don a lokacin yana kwance ne ƙafa ɗaya ba takalmi, igiyar kafaɗarsa ɗaya ta maƙale a ƙafar kujera. Wata mata ta yi ihu ta ce ga akwatinta da aka rantse mata yana wata ƙasa. Masu jiran jirgi suka toshe hanci da hannu ɗaya, da ɗayan suka riƙa tsintar koke-koken suna karantawa da ƙarfi, wasu har da sunan Kyaftin a ciki da siffarsa.

Dattijon ya matsa bakin ƙofar. Ya tsallaka jaka biyu, ya dubi na'urar da ke bango. Koren maɓallin ya goge ya lotsa, fuskar ma ba a gani, jan kuwa sabo fil da ledarsa. Ya sa yatsa ya danna ja sau ɗaya. Kyaftin yakan ce kore dubu arba'in ya danna da hannunsa, wani ya zo ya danna ja ɗaya tak, kuma ita aka ƙirga.

Sannan dattijon ya juyo ya yi tambaya a hankali, ba da kowa ba: "Don Allah, ina ne?"

Iya ta ajiye bokiti ta ce ya biyo ta. Suka ratsa zaure, suka ratsa wurin motoci, yana tafiya da iyakar saurin da mutunci zai bari.

Manaja bai yi faɗa ba, shi ne ma abin da ya fi ciwo. Ya miƙa hannu aka sa masa makullin banɗaki, bai janye ba har sai da aka ƙara masa da na ofis. Ya ce wa Kyaftin ya je ya karɓi ƙofar motoci tun yanzu, mai wurin bai ci abincin rana ba. Daga baya kamfanin ya cire filin daga jerin gaba ɗaya har shekara guda, abin da ya sa Kyaftin ke cewa a shekarar dai ba filin da ya sha gabansu.

Ya sa takalminsa ya fita, rana ta tare shi tun daga bakin ƙofa. Bai kai bukkar ba cikinsa ya murɗa, irin murɗawar da ba a yi wa gardama. Ya bi hanyar da ya riƙa tura mutane da kibiyar da shi ya zana da hannunsa, karo na farko a wata uku. Layi ya tarar, ya tsaya a ƙarshe, ba wanda ya ce masa bismillah. Yana nan dattijon ya fito fuska a sake, ya tsaya ya rusuna wa Iya kafin ya wuce.

Da layi ya zo kansa ya shiga. Daɓen siminti ne, ba tayil ba fure, amma a wanke yake tas. Duro biyu cike da ruwa, butoci a jere, sabulu an yanka ƙanana-ƙanana a kan murfin gwangwani, an ƙulla wa ƙofar da sakatarta ta karye igiya. Ya tuna inda famfo mai aiki yake, can gefen zaure, ya auna tafiyar a ransa, ya auna shekarun Iya. Kunya ta kama shi wadda ko faɗuwar ɗazu a gaban kyamara ba ta kai ta ba. Da zai fito, babban yatsansa ya ɗagu da kansa ya nufi bangon da ke dab da ƙofa, ya laluba, babu komai a wurin sai siminti.

Ya same ta tana juye ruwa a duron waje. Ya tsaya yana murza yatsan.

"Iya," ya ce, "sannu da aiki."

Ba ta ɗago ba.

"Wanke hannunka ka ba mutane wuri," ta ce, "ga motoci can sun taru suna jiranka."